Kuɗin zuwa duniyar wata: shawarwarin da na tsinta

Jiya mun daɗe muna muhawara kan ko kuɗin da gwamnatoci ke zubawa a binciken wata ya dace. Yawanci dai sun ce a ci gaba amma a rage tsada, a yi koyi da Indiya da ta saukar da kumbonta marar mutane, Chandrayaan-3, a kudancin wata a 2023 da kusan dala miliyan 75 kacal, alhali shirin Apollo na kai mutane duniyar wata ya ci wa Amurka wajen dala biliyan 25. Wasu suka ce a fara tura na'urori kafin mutane, su binciko ƙanƙarar da ke cikin ramukan can tunda ita za ta ba da ruwan sha da man roka, ni wallahi nan na fi karkata. Wani dattijo kuma ya dage sai an riƙa nuna wa masu biyan haraji lissafin kowace tafiya.