Neman shawara: dattawan da ke ba gidauniyar kwalejinmu shawara sun rabu

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne magatakardan gidauniyar da tsofaffin ɗaliban wata kwaleji ta nan Maradi suka kafa, kuma lamarin da zan kawo muku ya hana ni barci. Tun ambaliyar damanar 2024, wadda ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, wasu azuzuwanmu suke ba rufi, yara na karatu cikin rumfar zana, ga kuma marayun da ba su da kuɗin rajistar jarrabawa. Da muka ga mu matasa ba mu da fuskar tunkarar alhazan gari, sai muka roƙi dattawa uku su riƙa ba mu shawara saboda Allah, ba a biyansu ko dala. Na farko wani Alhaji ne mai fatauci tsakanin Maradi da Kano, aminin marigayi mahaifina, wanda shi ya yi mini walicci, shi ya riƙe ƙannena bayan rasuwar, kuma shi ya fara aza miliyan guda ta sefa. Akwai wata Hajiya da ta yi ritaya daga banki, sai kuma limamin unguwarmu. Hajiya ta ce kada a ƙara karɓar komai sai an buɗe asusu da sunan gidauniya, Alhaji ya ce abokan kasuwarsa shi suka sani ba takarda ba, Liman kuma ya ce ba a rufa aji da zakka. Abin da muka tara cikin azumi yana wurin Alhaji, kuma Hajiya ta ce za ta janye sunanta. Ina mafita?

Baba, tsohon ma'aikacin baitulmali: Wa alaikumus salam ɗana. Ka ba mu labarin walicci, amma ba ka faɗi nawa aka tara ba, ba ka kuma ce ko gidauniyar tana da takardar izini ba. Dokar ƙungiyoyi ta ƙasar nan, mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, ta wajabta a bayyana ƙungiya ga hukuma a sami amincewarta, kuma banki ba zai buɗe muku asusu ba sai kun kai kundin dokokinku da wannan izini da takardar taron da ya zaɓi masu sa hannu. A sa mutum biyu su riƙa sa hannu tare, a buga rasit mai lamba, a raba littafin zakka da na sadaka. Mai ba da shawara aikinsa ya buɗe muku ƙofa, ya raka ku gidan mai hali, ya ce muku wannan a je masa bayan la'asar, wancan a bari sai kaka ta shigo. Ranar da ya zama ma'aji, babu sauran wanda zai tambaye shi lissafi.

Wata uwa daga unguwar Zariya: Ni dai na gaji da taron gidauniya. A makarantar ɗiyata an kafa rumfuna, an hayo kujeru da lasifika, maroƙi yana shelar cewa Alhaji wane ya ba da buhun siminti kaza, mutane suna tafi. Har yau ba a ga ko buhu ɗaya ba, kuma mu iyaye aka bi gida gida muka biya hayar kujerun. Ku rubuta abin da ya shigo hannu kawai, alkawarin bainar jama'a ba kuɗi ba ne.

Mai tambaya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma Alhaji ba mutumin da za a nema wa shaida ba ne. Ko lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023, kasuwarsa ta tsaya cik, bai taɓa amanar kowa ba. Takardun izini kuma mun fara haɗa su.

Malamin Islamiyya: Liman yana kan gaskiya. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu cin zakka, kuma a mazhabar Malikiyya ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Maraya matalauci ana iya ba shi saboda talaucinsa, ya biya jarrabawarsa. Rufin aji kuwa sai sadaka ko wakafi. Tunda kun riga kun haɗa kuɗin zakka da na sadaka wuri guda, ku koma ga waɗanda suka bayar, kowa ya faɗi niyyarsa.

Ɗan kasuwa a babbar kasuwa: Da izinin Baba, ba haka garin nan yake tafiya ba. Masallatai da rijiyoyi da yawa a Maradi hannun mutum ɗaya amintacce ya gina su. Idan kuka ce wa Alhaji ya kawo kuɗi banki a gaban yara, kun kunyata shi, kuma duk wanda ya bayar don shi zai rufe aljihunsa. Ku bar Hajiya ta tafi.

Ɗan gari mazaunin Faransa: Na sha aiko da gudummawa irin wannan ta hannun mutum, ban taɓa samun ko hoton rasit ba, sai dai a ce mini Allah ya saka. Mu na nesa ba mu san Alhaji ba.

Baba, tsohon ma'aikacin baitulmali: Ban ce Alhaji zai ci amana ba. Cewa nake yi mutuwa ba ta sallama, kuma idan ta zo masa yau, magada za su tarar da kuɗinku cikin akwatinsa babu rubutu, su raba su a matsayin gado, alƙali kuma ba zai ga laifinsu ba. Ka faɗa masa haka a ɗakinsa, ku biyu, ka kuma roƙe shi ya zama ɗaya daga cikin masu sa hannu. Har yanzu ba ka gaya mini nawa ne ba.

Mai tambaya: Na gode muku duka. Adadin yana cikin littafin Alhaji, kuma ban ga ya dace in tambaye shi yanzu ba, tunda yana shirin tafiya Umra. Waɗanda suka ba da zakka kuma da yawansu ba su bar suna ba. Ina ganin zan fara roƙon Hajiya ta ƙara haƙuri har ya dawo.

Wata uwa daga unguwar Zariya: Damana kuma fa, ita ma za ta jira ya dawo?