Likita ya tura Hajiyarmu gashin ƙashi ta ce ba za ta ba, ku ban shawara

Ummu Hanan:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka min. Hajiyarmu shekararta 63, a Unguwar Rimi Kaduna muke, gwiwarta ta dama ke damunta kusan shekara biyu kenan, tunda hunturun nan ya shigo kuwa abin ya ƙaru, da asuba sai ta ɗan jima zaune bakin gado kafin ƙafar ta saku, in kuma ta wuni tsaye a kicin yamma na yi gwiwar ta kumbura suntum. An yi hoto likita ya ce guringuntsi ne ya cinye, ya rubuta magani ya ce ta je ɓangaren fisiyo, wato gashin ƙashi. Ita kuma ta kafe, wai ƙafar da ke ciwo ita za a sa ta yi ta miƙewa tana lanƙwasawa, ai ƙarasa ta za a yi. Ta fi yarda da haɗin da wani mai kemis ke ƙulla mata a leda, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna ba kwali, tana sha ta miƙe garau. Wai gashin ƙashin nan yana aiki da gaske ko asarar kuɗin keke ne kawai?

Dan Fisiyo:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Aikina kenan, kuma wallahi haɗin ledar nan ya fi gwiwar tayar min da hankali. Galibi akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci har da dexamethasone, shi ya sa take jin garau. In aka daɗe ana sha, na farkon suna jawo olsa, su taɓa ƙoda, su hau da jini, shi kuma dexa ya tayar da suga ya sa ƙashi ya yi laushi. Ki ɗauki ledar ki kai wa likitanta ya gani, kar ku tsayar mata da shan sa da kanku rana ɗaya in ta daɗe a kai, shi dexa a hankali ake janye shi.

Maganar tsoronta kuwa kusan duk iyayenmu haka suke cewa. Guringuntsin da ya cinye ba za mu dawo da shi ba, ba na yi miki ƙarya. Amma tsokar gaban cinya ita ke tallafe da gwiwa, mutum na jin ciwo ya daina motsi, tsokar ta motse, nauyi ya koma kan gaɓar gaba ɗaya, ciwo ya ƙaru ya ƙara zama. Wannan tsokar muke ginawa. Ba wani tsalle ake sa su ba, tana kwance ta miƙe ƙafa ta danna bayan gwiwa a katifa ta ƙirga goma ta saki, ko tana kan kujera ta ɗaga ƙafar ta miƙe ta sauke a hankali, sai tashi da zama daga kujera mai tudu. Ɗan ciwo lokacin yi ba komai, amma in ta kwana ta wuni da shi ya fi na da to an zarce, a rage. In tana da jiki, duk kilo 1 da ta rage kusan kilo 4 ta sauke wa gwiwar a kowane taku. Akwai ɓangaren fisiyo a asibitin Barau Dikko, akwai a asibitin Shika Zariya, ba sai kun tafi asibitin ƙashi na Dala Kano ba.

Baba Direba Rigasa:
'Yata ki gaya wa Hajiya ni shaida ne. Shekara da shekaru ina taka kuloci tsakanin Kawo da Zariya har gwiwar hagu ta ƙi ni, sati uku na farko na ce yaran nan wasa suke da ni, tsoho da ni ana sa ni ɗaga ƙafa kamar ɗan firamare. Sai wajen wata biyu na lura ina hawa matakalar masallaci ba na dafa bango. Ciwon bai tafi duka ba fa, in gari ya yi sanyi yana gaishe ni. Abu biyu suka koya min da ban taɓa sani ba, sanda a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta ba gefen ciwon ba, sannan in za ka hau bene lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, in za ka sauka mai ciwon ke fara sauka. Kuma ta daina jin kunyar salla a kujera, Annabi (SAW) ya ce ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune.

Maman Ilham:
Ni dai kakata ƙaho wanzami yake mata sai gashi da ruwan zafi da man zafi, kuma tana jin daɗinsa sosai, ku gwada mana

Dan Fisiyo:
Maman Ilham ruwan ɗumi yana da kyau in gwiwar ta sandare da safe. Amma ranar da ta kumbura tana zafi ƙanƙara ake sawa, a naɗe a tawul minti 15 zuwa 20, kar a ɗora kan fata kai tsaye. Na san Hajiya za ta ce sanyi ke damunta za a ƙara mata sanyi, a lallaɓa ta. Tsaga ko ƙaho a kan gwiwa kam ban goyi baya ba, balle mai suga, ƙwayar cuta ta shiga gaɓa babbar magana ce. In kuka ga gwiwar ta yi zafi rau ga zazzaɓi ta kasa takawa, ranar asibiti za ku nufa ba gashi ba.

Ummu Hanan:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na karanta mata na Baba Direba ta yi dariya ta ce ita ma ashe sandar a baibai take riƙewa. Ta yarda za mu je ranar Litinin amma da sharaɗin mace ce za ta taɓa mata ƙafa. Ledar kuma na ɗauke tana jakata. Dan Fisiyo bayinmu na tsugunno ne, shi ma sai mun canza ko akwai dabara?

Dan Fisiyo:
Ki faɗa musu tun wajen yankar kati, akwai mata a aikin. Bayi kuma ba sai kun fasa ba, ana sayar da kujerar da ake ɗorawa a kai a shagunan kayan asibiti, ko kafinta ya yi muku mai hannu biyu da za ta dafa ta tashi.