Soson da na shuka a Agege fure kawai yake zubarwa, ina laifin yake?

Maman Hanifa, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin shuke-shuke ku taimaka min. Da na je Zariya ganin gida surukata ta zazzago min irin soso daga wani busasshe da ke rataye a ɗakin girkinta, baƙaƙen nan masu faɗi kamar na kankana, na taho da su Legas saboda gaskiya na gaji da soson raga na roba, ni dai ba ya gamsar da ni kamar na gida. Na shuka a farkon Afrilu cikin bokitin fenti guda biyu a bayan ɗakinmu, kwana 10 ya tsiro, yanzu ya yi yaɗo har ya kama ƙarfen taga ya haura kan tankin ruwa, ganye kam masha Allah. Amma fure kawai yake yi rawaya-rawaya, da safe ya buɗe kafin gobe duk ya zube ƙasa. Ɗa ɗaya tal ya yi, shi ma da ya kai tsawon yatsa sai ya yi tabo baƙi ya ruɓe. Ga tururuwa cike da jikinsa. Maigidana cewa yake in cire kawai wai iskar Legas ba ta karɓe shi ba, ni kuma zuciyata ba ta ba ni ba.

Malam na Ikorodu

Wa alaikumus salam. Maman Hanifa kar ki cire, ki ce wa maigidan naki ya ƙara haƙuri. Legas ta karɓi soso fiye da kima ma, shuka ce mai son zafi da ruwa, ɗan uwan kabewa ne da duma da gurji, duk gida ɗaya suka fito.

Furen da kike gani yana zuba namiji ne. Soso fure iri biyu yake yi a jikin yaɗo ɗaya, namijin yana fitowa a tare da yawa a kan wani dogon kara, kuma shi ne ke fara fitowa, wani lokaci ya yi makonni shi kaɗai, aikinsa ya buɗe yini guda ya faɗi. Macen ita kaɗai take fitowa, in kin duba gindinta za ki ga ɗan ƙaramin abu kamar jaririyar kokwamba, wannan shi ne soson. To a ƙauye ƙudan zuma ne ke kai garin furen namiji zuwa ga macen, a bayan ɗaki a tsakiyar Agege kuwa ƙudan zuma nawa ke leƙowa? Sai ki yi aikin da kanki. Da safe bayan rana ta ɗan fito, misalin ƙarfe 7 zuwa 9, ki tsinki namiji guda da ya buɗe sabo, ki cire rawayan ganyayyakinsa, ki goga tsakiyarsa a tsakiyar macen a hankali. Shi ke nan. In ya kama, cikin 'yan kwanaki za ki ga ɗan ya fara ƙiba yana miƙewa.

Wanda ya ruɓe ɗin nan ko dai bai samu garin namiji ba, ko kuma ƙudan nan mai huda 'ya'yan kabewa da kankana ne ya saka ƙwai a ciki, in kin fasa za ki tarar da tsutsa. Maganinsa da zarar ɗa ya kama ki sa masa tsohuwar safa ko guntun gidan sauro ki ɗaure sako-sako. Ban da leda, gumi za ta sa shi ya ruɓe. Tururuwa kuma ki ƙyale su, ruwan zaƙin da shukar ke fitarwa suke sha.

Inda na ga kin ɗan yi sauri shi ne lokaci. Daga shuka zuwa soso ya nuna ya bushe wata 5 zuwa 6 ne, ke kin shuka a Afrilu, wato zai nuna wajen Satumba zuwa Oktoba, daidai lokacin da ruwa ke dawowa bayan ɗan tsagaitawar watan Agusta. A arewa damina na ɗaukewa soso ya bushe a jikin darni ba ruwan kowa, nan kuwa laima ba ta barinsa. Ni a Yuni ko Yuli nake shukawa don ya tarar da Disamba.

Ɗan Alaba Rago

Hhhh Hajiya duk wannan wahalar a kan soso? Ki zaga kowane kango da ba a gama ginawa ba ta wajen Ojo, zaki ganshi ya lulluɓe katanga ba wanda ya shuka ba wanda ya ba shi ruwa. Yarbawa kankan suke ce masa. Ni dai na raga nake saya, shekara ina gurza baya da shi bai ce uffan ba.

Hajiya ta Idi-Araba

Kai ɗan nan na kango ai ƙanana ne kuma rabinsu baƙi ƙirin da fumfuna, wa zai sa wannan a jikin yaro. Ka bar ta ta yi abinta.

Ƙanwata ni shekarata ta uku ke nan ina yi a baranda, abin da Malam ya faɗa haka yake, bari in ƙara miki ta ɓangaren bokiti da gyara. Na farko ki tabbata kin huda gindin bokitin sosai don ruwan Legas in ya kwanta a ciki saiwar ce ke mutuwa, kuma gindi ɗaya a bokiti ɗaya, in kin cusa uku to ki cire biyu ko da kina jin tausayinsu. Taki kuma ke da kike Agege ga mayankar Oko-Oba kusa da ke, kashin shanu ba zai miki wuya ba amma wanda ya kwana biyu ya bushe, ɗanye ƙona shuka yake, in kuma kika cika masa taki sai ya yi ta ganye ya manta da 'ya'ya, ni na taɓa yi da kashin kaji na samu rumfa mai kyau ba soso ko ɗaya. Ɗan tokar murhu kaɗan nake barbaɗawa in ya fara fure.

Ki ɗaura masa igiya ko waya yadda 'ya'yan za su riƙa lilo a iska, duk wanda ya kwanta a ƙasa ko ya jingina da jiƙaƙƙen bango ya tafi. Kuma ki janye shi daga kan tankin nan tun kafin kiyateka mai kula da gidan ya gani, ni nawa na farko da ya hau wayar wuta ban dawo daga kasuwa ba na tarar an datse shi daga gindi, wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Tunda naki zai nuna cikin ruwa kar ki jira ya bushe ƙayau a sama. Da kin ga koren ya juya rawaya, kin ɗaga kin ji ya yi sakayau, ɓawon ya fara saki in kin matsa, ki yanke shi. Ki ɓalle ƙasan ki zazzage irin, ki ɓare ɓawon, in ya ƙi ki jiƙa shi a ruwa ɗan lokaci zai salube. Sai wanki, ki yi ta matsewa kina canza ruwa har yauƙin ya fita tas, don yauƙin nan shi ke jawo baƙi da wari. Ki shanya a rana kina juyawa, hadari na haɗuwa ki kwashe. Babba guda nakan yanka shi uku, biyu na wanka ɗaya na wanke-wanke, kuma ba ya kankare tukunyar nan mai santsi. Sabo yana da kaushi, ki jiƙa shi da ruwan zafi kafin ki sa wa yara. Bayan wanka a ɗauraye a rataye a waje inda iska ke bugawa, kar a bar shi cikin kwandon sabulu a banɗaki, da ya fara canza launi ko wari ki jefar ki ɗauko wani, ai naki ne ba saya kika yi ba.

Maman Hanifa, Agege

Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Malam yanzun nan na fita da tocilan na duba, wallahi ga mata guda biyu da ɗan abin a gindinsu, ni da duk fure ɗaya nake ganinsu! Gobe da safe in sha Allahu zan gwada. Hajiya bokitin ɗaya gindi huɗu ne a ciki, hannuna har rawa yake amma zan rage. Akwai sauran iri wajen guda 15 a ƙulle a leda, in shuka su yanzu tunda muna Yuli ko in bari sai baɗi?

Malam na Ikorodu

Shuka biyu ko uku yanzu, ki jiƙa su kwana ɗaya tukun don ɓawonsu na da tauri. Sauran ki fitar da su daga ledar nan ki zuba a kwalba busasshiya mai murfi, in ba haka ba laima za ta cinye su kafin baɗin.