Dipstick: geji ko tsinken baƙin mai?

Jama'a, siririn ƙarfen nan da ake zarowa daga inji a duba baƙin mai, wanda Turawa ke kira dipstick, wane suna za mu tsayar masa da Hausa?

A gareji geji ake cewa. Oga ya ce wa yaro "zaro geji mu gani", magana ta ƙare. Sai dai allurar fetur da ke gaban direba ma geji ce, abin da mai faci ke auna iskar taya da shi ma geji ne. Ka ce wa sabon mai mota a waya ya duba gejin mai, sai ya leƙa allurar fetur ya ce maka tanki rabi ne, alhali inji na can yana neman bushewa. Wannan ruɗanin kan iya jawo asarar inji ɗungurungum.

"Ma'aunin mai" ya yi faɗi da yawa. "Sandar awo" kuwa a bar wa 'yan gidan mai, masu zura doguwar sanda a tankin ƙasa.

Ni na tsaya a kan "tsinken baƙin mai". Siriri ne, dogo, a zura a zare, kuma sunan ya faɗi man da ake nufi. Ga wani amfanin: motocin otomatik da yawa suna da na biyu, sai ya zama "tsinken man giya", ba a haɗa su.

Mu gwada shi a aiki. Ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, kashe inji, jira minti 5 zuwa 10 man ya gangaro ƙasa. Zaro tsinken, mariƙinsa yawanci rawaya ne ko ruwan lemo. Kada ka yarda da zarowar farko, domin mai ya fantsame shi lokacin da inji ke aiki. Goge da tsumma mai tsabta, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Ana so man ya tsaya tsakanin layin ƙasa da layin sama da ke jikin tsinken, tazarar da ta kai kusan lita 1 a yawancin ƙananan motoci.

Masu cewa a ƙara ya wuce layin sama don "inji ya ƙoshi", don Allah a bari. Ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji zai riƙa dukan man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta shafe ƙarafa yadda ya kamata.

Makanikan Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram, in akwai sunan da ya fi wannan zama a bakinku, ku kawo mu ji.