Man fuska mai furen chrysanthemum, da gaske yana gyara fata?

Maman Iman, Agege: Salam 'yan uwa, dan Allah wa ya san furen nan chrysanthemum da ake ta sawa a man fuska yanzu? Mai shagon da nake sari a Trade Fair ya cika min kunne wai antioksidan ne, yana hana fata tsufa har da sa haske. Kwastomomina matan unguwa ne, bana son abin da zai jawo min magana.

Anti Bilki, Idi-Araba: Wa alaikissalam Maman Iman. Furen gaskiya ne, 'yan China sun daɗe suna busar da shi suna shan shayinsa, a Japan ma shi ne tambarin gidan sarki. Yana ɗauke da sinadarai irin su luteolin da apigenin, su ne antioksidan ɗin da ake faɗa, wato masu taimakawa wajen rage ɓarnar da rana da hayaƙi ke yi wa fata, kin dai san hayaƙin danfo a go-silo. Amma fa juya kwalbar ki duba bayanta, jerin kayan haɗin nan daga mai yawa ake farawa a gangaro, in kika ga sunan furen, wato Chrysanthemum morifolium ko indicum, can ƙasa kusa da turare to ɗan ɗigo aka zuba don a samu hujjar manna hoton fure a kwali a ƙara kuɗi, shi ke nan. Kuma baya maye gurbin man kariya daga rana mai SPF 30.

Ummu Sadiq: Wani ƙarin kuma, furen nan danginsu ɗaya da chamomile, wani furen da shi ma ake shayi da shi, akwai fatar da bata shiri da su sam, ƙaiƙayi da ƙuraje ja. Ki ce su fara shafa kaɗan a cikin hannu su bar shi kwana biyu tukuna.

Malam Sani, Obalende: Hajiya maganar hasken nan ce ta tsaya min. Fure baya mai da mutum fari cikin sati. In mai ya yi haka to akwai sinadaran bilicin irin su hydroquinone ko steroid ko mercury a ɓoye, su ne ke sa fata ta yi siriri jijiyoyi su fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin. Ki nemi lambar NAFDAC, in babu kar ki ɗauka ko da araha.

Maman Iman: Allah ya saka da alheri. Na duba wanda ya bani gwaji, sunan furen na biyun ƙarshe ne kuma ba lamba ko ɗaya. Gobe zan mayar masa da kayansa.