Baba siriri ne, to ina kitsen jijiya ya fito?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina ya daɗe da ciwon suga, shekarunsa 63, siriri ne tun yana saurayi, ko maiƙo ba ya so. Kwanan nan in ya ɗan yi tafiya sai sharaɓarsa ta ɗaure da ciwo, dole ya tsaya, da ya huta kaɗan sai ta saki. Likita ya dafa bayan ƙafarsa bai ji bugun jini sosai ba, ya ce kitse ne ya taru a jijiyoyin jini, ya rubuta masa maganin rage kitsen jini mai suna atorvastatin. Baba ya ƙi sha, wai ina shi ina kitse. Don Allah mai sani ya warware min, hankalina ya tashi.

Anti Nas:
Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Kitsen da likita ke nufi ba na teɓa ba ne. Sunansa kolesterol, kuma yawancinsa jiki ne ke ƙera shi da kansa, musamman hanta, shi ya sa siriri ma ba ya tsira. Suga in ya daɗe a sama yana lalata siririyar shimfiɗar da ke cikin jijiya. Ta nan kolesterol nau'in LDL, wanda ake kira mugun kolesterol, ke kutsawa cikin bangon, ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye shi su maƙale, tarin ya yi ta kauri, hanyar jini ta ƙuntata. Ciwon sharaɓar nan naman ƙafa ne ke neman jinin da bai ishe shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne, abin da ke ƙafa yakan kasance a jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa. Mai suga haɗarinsa na ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyu ne. Ki lallaɓa shi ya sha maganin.

Ɗalibin Likitanci:
Anti ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Bangon jijiya shi ma yana ƙera ɗan kitsensa, kuma wannan mai amfani ne. A 2011 masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa wannan kitsen ke riƙe sinadarin da ke samar da naitirik okzayid a wurin aikinsa, shi kuwa naitirik okzayid ke sa jijiya ta buɗe jini ya wuce. Ƙarancin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yana rage ƙera wannan kitsen, jijiya ta riƙa yoyo, ta kasa fitar da sababbin rassa bayan rauni.

Maman Ihsan:
Na gode ƙwarai. To ya daina tafiyar ne tunda tana sa shi ciwo?

Anti Nas:
A'a, kada ya daina, in dai likitansa bai hana ba. Ya yi tafiya har ciwon ya zo, ya huta, ya ci gaba; da haka nisan ke ƙaruwa. In yana shan taba ya bar ta yau. Kullum da dare ki duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu. Kika ga gyambo, ko yatsa ya yi baƙi, ko ciwo ya hana shi barci yana kwance, ku tafi asibiti a ranar.