Batir don firizan Mma: ku taya ni duba wannan lissafi

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Mahaifiyata tana da firiza biyu a gida, burkina (abin sha na gero da madara) da sobolo (zoɓo) take yi, yara na kai wa kasuwar Kejetia a nan Kumasi. Ta kwashi adashi, ta ce in nemo abin da zai riƙe firizan in an ɗauke wuta. Na rubuta 'yar manhaja a kwamfuta: in na saka farashin batir, da awannin rashin wuta a wata, da kuɗin man da janareta zai sha, sai ta faɗi shekarun da batir zai mai da kuɗinsa. Manhajar ta ce batirin litiyom mai kilowat-awa 5 shekara uku, batirin ruwa huɗu masu amfiya 200 shekara biyu. Hankalina bai kwanta ba. Wanda ya yi amfani da ɗayansu, shekara nawa ya yi masa, kuma a wane irin ɗaki ya ajiye shi?

Baban Yasmin: Ka sa sola ka huta.

Ɗan Aboabo: Baba, haya muke. Rufin ba namu ba ne.

Telan Asawase: Yaro, kada ka taɓa batirin ruwa. A 2015, lokacin da dumso, wato matsalar ɗauke wuta a Ghana, ya kai ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, na sayar da babur ɗina na sayi guda huɗu da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Wanda ya haɗa mini ya jera su a ɗan ɗakin kwano bayan shago, inda ko akuya ba za ta yini ba don zafi. Wata goma sha huɗu suka kumbura kamar burodi. Saura kwana tara Sallah, ɗinkin mutane jibge, wata Hajiya ta zo ta kwashe atamfofinta tana faɗa mini maganar da har yau ban manta ba. Na koma wurin mai kayan, ya ce wai ban ƙara musu ruwa ba. Wa ya gaya mini ana ƙara ruwa? Babur ya tafi, batir ya tafi, masu ɗinki sun tafi.

Fitan Magazin: Allah ya mayar da alheri, Malam. Amma tsakani da Allah, kana guga da su?

Telan Asawase: Tela ne ni. Da me zan yi guga, da tafin hannu?

Fitan Magazin: To ka ji. Dutsen guga ya fi keken ɗinki ci nesa ba kusa ba. Ɗan Aboabo, ga abin da za ka gyara. Batir huɗu na bolt 12 amfiya 200, a takarda kilowat-awa 9.6 ne, amma rabi kawai ake sha in ana so su daɗe, wato 4.8. Litiyom kana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Shekarun da ake rubutawa a kwali kuma a ma'aunin zafi 25 aka gwada, duk ƙarin digiri goma yana cinye kusan rabin ran batirin ruwa. Ka sa wa manhajarka gurbin zafin ɗaki. Kwamfiresan firiza ma in zai tashi yana jan wuta ninki-ninki, ƙaramin inbata ba zai ɗauki biyu lokaci ɗaya ba.

Hajiya Alabar: Ɗana, na sayi litiyom irin wanda kake faɗa a Adum bara, sidi 24,000 har da haɗawa. Yana cikin falo, lafiya lau yake.

Sarkin Yawo: Hajiya an yanke ki. Ƙanena ya ɗauko a Akra 14,500.

Fitan Magazin: Wannan tsofaffin ƙwayoyin batir ne aka sa wa sabuwar riga. Ka ɗora shi a sikeli ka gani.

Sarkin Yawo: Ba ka ga kayan ba ka yanke hukunci. Kai ba batir kake sayarwa ba? Mai sayar da goro ai ba zai ce daushe gare shi ba.

Fitan Magazin: Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki a Suame. Kai me ka taɓa haɗawa ban da cajar waya?

Malamar Lissafi: Ku dakata. Ɗan Aboabo, batir ba ya haifar da wuta, ajiya yake yi, kuma yana cin ladan ajiya: ka zuba yunit goma, na ruwa ya mai da maka kamar takwas, litiyom tara da wani abu. Kuɗin mitar Mma ƙaruwa zai yi, kuma PURC, hukumar da ke tsara kuɗin wuta, na sake duba farashin duk wata uku. Ribar tana cikin burkinar da ba ta yi tsami ba. Ka tambaye ta sau nawa ta zubar da kaya bara, na nawa. Sannan a lissafinka ka daskarar da darajar sidi wuri ɗaya, alhali canzawa take yi. A 2022 dala ta tashi daga sidi 6 zuwa wajen 15, a 2025 ta sauko ƙasa da 11. Hajiya da Sarkin Yawo suna iya zama duk gaskiya suka faɗa. Kuɗin da za a binne a batir ma, da gero da madara aka saya da su, juyawa za su yi.

Sarkin Yawo: In manhajar ta san ranar da za a ɗauke wuta, a ba ta buzu da carbi ta fara duba.

Maman Zainab: Kun ce haya kuke. Mitarku daban, ko ɗaya ce da ta gidan? Mu a Tafo mutum tara ne kan mita ɗaya, da poyin ake rabawa: ƙwan fitila ɗaya, fanka ɗaya, firiji uku. Maƙwabcina ya sa inbata, katin mita ya dinga ƙarewa kafin sati, maigida ya ce batir ba ya cikin lissafin poyin. Ɗan ƙanwarsa ne, shi ya sa.

Telan Asawase: Namu maigidan yana da na'urar dumama ruwa, poyin ɗaya yake biya. Wata bakwai ina neman mita tawa, ya ƙi sa hannu.

Ɗan Aboabo: Na gode, na ƙara zafi da canjin dala. Mita ɗaya muke da gidaje biyar. Hajiya, firiza nawa naki yake ɗauka, kuma awa nawa?

Maman Zainab: Gidaje biyar? To tun kafin ka sayo, ku zauna da maigida a yanke wa batirin poyin, a rubuta a takarda. Malam Tela, kai wa ke karɓar kuɗin katin a gidanku, shi ko matarsa?